Telan Raƙumi a Bakin Ƙofa

Ni na ɗinka raƙumin.
Buhun gero tara, tsohon bargo, igiyar kaba,
kwana ashirin kekena bai yi shiru ba a Zango.
Yau an tashi daga wasa, na raɓe bakin ƙofar gidan matasa,
hula har gira, babu wanda ya san ni,
ina tsintar magana kamar mai kalar gyaɗa.

Hajiya Fassuma ce ta fara fitowa,
jikoki biyar a bayanta kamar ƴan tsaki.
"Jaka guda kowane kai!" in ji ta,
"da ɗan ga-ruwa na ba, da randunana sun cika har Juma'a."
Sai dai gefen mayafinta a jiƙe yake,
kuma na ga idon da ta goge da shi.

Malam Kiyari mai lissafi a lakwal
ya ƙirga masu rawa: sittin da huɗu.
Ya ce ƴan layin baya ba su san hagu da dama ba,
ya ce rijiya ba ta waƙa, ko a tatsuniya a ji tsoron Allah.
Yana faɗa, ƙafarsa na bin kalangun
da tuni aka mayar cikin jaka.

Agali, rawani har hanci,
dariya ta hana shi tada babur.
"Tozo a kan kuturi, gwiwa irin ta jaki!
Wanda ya yi wannan bai taɓa bin ayari ba."
Na duƙar da kai. Bai yi ƙarya ba.
A bayan Kasuwar Dole nake ganinsu, daga nesa.

Samari biyu suka tsaya gardama
kan lokacin da wuta ta ɗauke.
Ɗaya ya ce da gangan ne, don a ji duhun shekarar fari.
Ɗaya ya ce haba, halin wutarmu ne, tun yaushe?
Laure mai awara ta raba su:
"Ko ma wane ne, nan wasan ya fi daɗi.
Yarinyar ba ta bar waƙa ba,
muka ɗaga fitilun salula, mu ɗari nawa,
sai ka ce taurari sun sauko kan duwatsun Birni."

Wani tsoho ya ce an ci masa lisha.
Wata ta ce lasifika ta kashe mata kunne ɗaya.
Wani ango bai ga komai ba,
mai dogon ɗankwali ce ta zauna gabansa,
amma da aka yi tafi, ya yi.

Fili ya kusa zama wayam
sai na ji an ja mini riga.
Ƴar Harira ce, haƙoran gaba biyu babu,
ledar ruwa a hannu, ta sha rabi.
"Baba, raƙumin nan, kowa ya sha a rijiya,
shi ba a ba shi ba. Ina kallo."

Na san cikin raƙumin.
Na san Ma'azu ne ƙafafun gaba, Sallau na baya,
na san ɗinkin da ya ɓalle a haƙarƙari
tun kafin waƙa ta uku.
Na ce, "Kawo, ni zan kai masa."

A bayan labule na same su zaune kan benci,
gumi kamar an tsamo su daga tafki,
kan raƙumi a gefe, ido ɗaya na lilo a zare.
Suka raba ledar, kurɓa bibbiyu.

Gobe da asuba zan matso da tozon gaba,
don Agali.
Gwiwar kuwa a bar ta haka.
An riga an shayar da shi.